Rufe Makarantun 'Yan Mata A Afganistan A Ma'aunin Shari'a

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da amincinsa su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. Bayan haka:

A duk faɗin duniya a yau ƙasa ɗaya ce tak wadda hukuma ta hana 'ya mace wuce aji shida a makarantar zamani, kuma ƙasar ta Musulmi ce, masu mulkinta suna kiran gwamnatinsu Imarar Musulunci. Duk lokacin da aka buɗe muhawara kan matsayin mata a duniya, a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ne ko a ajin jami'a, sunan Afganistan ake fara jefowa, daga nan kuma sai a maƙala laifin a wuyan addini. Ɗalibanmu suna shan wannan tambaya daga abokan karatunsu, iyaye kuma suna jin ta daga bakin 'ya'yansu: shin abin da Taliban ke yi shi ne Shari'a? Da yawa daga cikinmu sukan kauce wa amsa, wasu don kada a ce sun goyi bayan Turawa, wasu don ganin cewa mutanen da suka kori sojojin Amurka ba su cancanci suka daga ɗan uwa Musulmi ba. Mu kuwa muna ganin shirun ya fi maganar haɗari, domin abin da ake yi da sunan Allah, Musulmi ne ya fi kowa haƙƙin ɗora shi a kan ma'auni.

Yadda aka rufe ƙofofin ɗaya bayan ɗaya

Taliban sun shiga Kabul ranar 15 ga Agustan 2021. A watan Satumba suka umarci yara maza da malamansu su koma makarantun sakandare, ba su ambaci mata ba. Aka yi ta alkawarin cewa za a buɗe na mata a farkon sabuwar shekarar karatu. Ranar 23 ga Maris na 2022 'yan mata suka yi sammako suka cika azuzuwa, amma kafin rana ta take sai umarni ya zo cewa kowa ta koma gida har sai an fitar da tsarin da ya dace da Shari'a da al'adar ƙasa. Har yau ba a ga wannan tsari ba. Ranar 20 ga Disambar 2022 aka hana mata shiga jami'o'i, bayan kwana huɗu aka hana su aiki da ƙungiyoyin agaji, a watan Afrilun 2023 kuma haramcin ya kai ga matan ƙasar da ke aiki da Majalisar Ɗinkin Duniya. A Agustan 2024 aka fitar da dokar umarni da kyakkyawa da hani da mummuna, wadda ta ƙara ƙuntata fitar mace da jin muryarta a bainar jama'a. A Disambar 2024 aka toshe 'yar ƙofar da ta rage, wato cibiyoyin koyon unguwarzoma da aikin jinya.

Alƙaluman suna da nauyi. Hukumar UNESCO ta ce ɗalibai mata a manyan makarantun ƙasar sun tashi daga kimanin 5,000 a 2001 zuwa sama da 100,000 a 2021, kuma dukansu aka sallame su a rana ɗaya. Asusun UNICEF ya ƙiyasta a Maris na 2025 cewa 'yan mata miliyan 2.2 ne aka raba da karatun sakandare, kuma kowace shekara wasu dubun-dubata na gama aji shida su bi sahunsu. Yarinyar da take aji bakwai ranar da aka rufe ƙofa, yau ta isa shiga jami'a, kuma da yawa irinta an riga an aurar da su, wasu ba da son ransu ba, saboda talauci da zaman da babu ranar ƙarewarsa. Su masu mulkin suna cewa matakin na wucin gadi ne. Haka suka faɗa a mulkinsu na farko daga 1996 zuwa 2001, kuma har gwamnatin ta faɗi ba a buɗe makarantun ba.

Daidaito da adalci

Kafin mu auna hujjojinsu, ya kamata mu warware wata kalma da ake yawan cakuɗa ta da wannan batu, wato daidaito tsakanin maza da mata. Musulunci ya daidaita su a asalin halitta da mutunci da ɗaukar nauyin Shari'a da sakamako a wurin Allah. Aya ta 35 a Suratul Ahzab ta jero su kafaɗa da kafaɗa a kan siffofi goma, tun daga musulunta har zuwa yawan ambaton Allah, ta yi musu alkawari iri ɗaya. Aya ta 97 a Suratun Nahli ta rataya kyakkyawar rayuwa a kan aikin ƙwarai da imani, namiji ne ya yi ko mace. Aya ta 71 a Suratut Tauba ta sanya muminai maza da mata majiɓintan juna, ta ɗora musu tare nauyin umarni da kyakkyawa da hani da mummuna. Suratun Nisa'i ta tabbatar wa mace rabonta na gado da mallakar abin da ta nema. Sannan Shari'a ta bambanta su a wasu hukunce-hukunce, kamar wajabcin sadaki da ciyarwa a kan miji, da shugabancin gida, da wasu surori na rabon gado. Ba ma jin kunyar wannan bambanci, kuma ba ma karɓar duk wani shiri da zai shafe shi da sunan daidaito, domin adalci shi ne a bai wa kowa haƙƙinsa gwargwadon nauyin da ke kansa.

Su ma masu yi wa duniya wa'azin daidaito ba su daɗe da isowa inda suke ba. Matar aure a Ingila ba ta sami cikakken ikon mallakar dukiyarta ba sai da dokar 1882. A Faransa sai 1965 matar aure ta sami damar buɗe asusun banki ba tare da izinin miji ba. A Suwizalan sai 1971 mata suka fara jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya. Amurka har yau ba ta tabbatar da yarjejeniyar 1979 ta kawar da wariya ga mata ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace ɗaya cikin uku a duniya ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafi, kuma rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a 2023 kimanin mata 140 ne mazajensu ko danginsu ke kashewa a kowace rana. Wannan cuta ba ta bar wata nahiya ko wani addini ba.

To amma a wane ɓangare neman ilimi ya faɗo? A inda aka daidaita su, ko a inda aka bambanta? Wannan ita ce tambayar da ta dace da Afganistan, kuma amsarta a fili take.

Abin da nassi da tarihi suka nuna

Hadisin da Ibnu Majah ya ruwaito ya wajabta neman ilimi a kan kowane Musulmi. Malaman hadisi irin su Sakhawi sun yi bayanin cewa ƙarin kalmar “Musulma” da ake yi a ƙarshensa ba ya cikin lafazin ruwayar, amma ma'anarsa ingantacciya ce, domin umarnin ya haɗa da mace tun asali. A Sahihul Bukhari Abu Sa'idul Khudri ya ba da labarin yadda mata suka koka wa Manzon Allah (S.A.W) cewa maza sun rinjaye su a wurinsa, suka nemi ya ware musu rana, ya kuwa ware. Lura da yadda aka magance matsalar cunkoson maza: an ƙara wa mata zama na musamman. Abu Dawud ya ruwaito cewa Shifa'u 'yar Abdullahi ce ta koya wa Uwar Muminai Hafsa rubutu, kuma Annabi (S.A.W) ya san da haka, har ya nemi ta ƙara mata da wani ilimin. Uwar Muminai A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ruwaito hadisai 2,210, manyan sahabbai suna komawa gare ta a fiƙihu da gado da waƙoƙin Larabawa da magani, har Zarkashi ya wallafa littafi sukutum a kan wuraren da ta yi wa sahabbai gyara.

Al'amarin bai tsaya a ƙarnin farko ba. Karimatul Marwaziyya, 'yar yankin Khurasan wanda wani sashe na Afganistan ta yau ke cikinsa, ta zauna a Makka tana karantar da Sahihul Bukhari har ta rasu a shekara ta 463 bayan Hijira, kuma Khaɗibul Bagdadi da kansa ya karanta littafin a gabanta. Zahabi, wanda ya ƙare rayuwarsa wajen tantance maruwaita, ya bayyana cewa bai san wata mace da aka tuhuma da ƙirƙirar hadisi ba. A zamaninmu Shaihu Muhammad Akram Nadwi ya tattara tarihin dubban mata malaman hadisi a juzu'i 43. A birnin Herat na Afganistan kuwa, Gauhar Shad, matar Sarki Shah Rukh, ita ce ta gina shahararriyar madarasa da masallaci a ƙarni na 15, kuma ragowar hasumiyoyin wurin suna nan tsaye.

Da yake Taliban mabiya mazhabar Imam Abu Hanifa ne, bari mu ɗauko misali daga cikin gidansu. Alauddin Samarƙandi, mawallafin Tuhfatul Fuƙaha, yana da 'ya mai suna Faɗima wadda ta haddace littafin mahaifinta ta kuma ƙware a mazhaba. Ɗalibinsa Kasani ya yi wa littafin sharhi da Bada'i'us Sana'i, wanda har gobe yana cikin manyan madogaran Hanafiyya, malamin ya aura masa Faɗima. Masu tarihin mazhabar sun rubuta cewa fatawa takan fito daga gidan ɗauke da sa hannunta tare da na mahaifinta da na mijinta, kuma idan mijin ya yi kuskure takan nuna masa ya dawo. Mazhabar nan ce kuma ta halatta mace ta yi alƙalanci a al'amuran da ake karɓar shaidarta a cikinsu. Yaya za a yi mazhabar da ta yarda mace ta zauna kujerar alƙali ta zama hujjar hana ta zama a kan bencin aji bakwai?

Hujjar toshe kafar ɓarna

Ministan ilimi mai zurfi, Nida Muhammad Nadim, ya lissafa dalilansu bayan rufe jami'o'i: wai ɗalibai ba sa kiyaye hijabi yadda ya kamata, wasu suna tafiya lardi mai nisa ba muharrami, ana cuɗanya tsakanin maza da mata, sannan wasu fannoni kamar injiniyanci da aikin gona ba su dace da mace ba. Idan aka mayar da waɗannan dalilai harshen usulul fiƙhi, suna komawa ga ƙa'idar saddu zari'a, wato toshe hanyar da ke kai wa ga ɓarna. Mu mabiya mazhabar Imam Malik mun fi kowa riƙo da wannan ƙa'ida, saboda haka mun san iyakokinta. Ana toshe hanya ne idan galibi ɓarna take kaiwa, kuma idan babu wata dabara ta kawar da ɓarnar sai toshewar, sannan da sharaɗin kada toshewar ta haifar da ɓarnar da ta fi ta farko girma. Malamai sukan buga misali da inabi: babu wanda ya haramta noma shi don tsoron a yi giya da shi.

Duk abin da ministan ya lissafa yana da magani wanda bai kai ga rufewa ba, kuma maganin yana hannunsu, tunda su ke da mulki da hukumar hisba. Yawancin makarantun sakandare na ƙasar dama a rabe suke tun kafin zuwansu. A jami'o'i kuwa su da kansu sun riga sun raba azuzuwa da ƙofofin shiga da lokutan darasi, ɗalibai kuma sun bi. Idan tafiya ce matsala, sai a gina makaranta kusa ko a samar da masauki amintacce. Ƙasashen Musulmi sun daɗe da warware wannan. A Riyad akwai Jami'ar Gimbiya Nura, wadda ta fi kowace jami'ar mata girma a duniya. A Rawalpindi ta Pakistan akwai Jami'ar Mata ta Fatima Jinnah. A Sudan, Babikir Badri, wanda ya yi yaƙi a rundunar Mahadi, shi ne ya buɗe makarantar 'yan mata a garin Rufa'a a 1907, kuma daga wannan iri Jami'ar Ahfad ta mata ta tsiro a Omdurman. Azhar kanta tana da kwalejojin mata, har da na likitanci. Wanda yake da iko ya gyara, ya share fiye da shekara huɗu bai gyara ba, sai ma ƙara rufewa yake yi, ya nuna cewa matsalarsa ba ta tsaya a hijabi ba.

Za a ce ai madarasun addini a buɗe suke ga mata. Haka ne, kuma duk wadda ta sami damar haddace Alƙur'ani da sanin farillanta ta sami alheri babba. Sai dai Shari'a ba ta taƙaita ilimin da ake buƙata a kan farali ainihi ba. Imam Gazali a cikin Ihya'u ya lissafa likitanci da lissafi a cikin farillan kifaya, waɗanda idan gari ya rasa mai tsayuwa da su kowa ya yi laifi. Kuma ƙa'ida ce sananniya cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne.

Wa zai duba mara lafiya?

A nan ne tufka da warwarar ta fi fitowa fili. Hukumomin Taliban suna son mace ce za ta duba mace a asibiti, kuma wannan buri ne da kowane magidanci Musulmi yake da shi. Amma likita mace ba daga sama take faɗowa ba. Sai ta gama sakandare, ta yi shekaru a jami'a, ta yi horo a asibiti. Wanda ya rufe aji bakwai a 2021, ya rufe jami'a a 2022, ya rufe makarantar unguwarzoma a 2024, ya yanke hukuncin cewa nan da 'yan shekaru, idan likitocin da ke aiki yanzu suka tsufa ko suka yi hijira, matar Afganistan za ta zaɓi ɗaya cikin biyu: ta buɗe jikinta ga namiji ko ta mutu a gida. Ƙasar dama tana cikin waɗanda suka fi yawan mace-macen mata wajen haihuwa, har hukumar kula da yawan jama'a ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa duk bayan awa biyu mace ɗaya ke rasuwa a sanadin ciki ko haihuwa. Girgizar ƙasar da ta auka wa lardin Kunar a ƙarshen Agustan 2025, wadda ta kashe sama da mutum 2,000, ta tona wannan rauni, domin masu agaji sun koka da ƙarancin ma'aikatan lafiya mata da za su kula da matan da suka jikkata.

A zamanin Annabi (S.A.W) Rufaida tana da tanti a masallaci inda take jinyar masu rauni, kuma can aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ. Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz ta faɗa, kamar yadda yake a Bukhari, cewa suna fita tare da runduna suna shayar da mutane suna yi wa masu rauni magani. Kiyaye rai yana cikin manufofi biyar da Shari'a ta zo don karewa, kuma fuƙaha'u sun kafa cewa duk abin da shugaba zai zartar a kan talakawansa a rataye yake da maslaharsu. Umarnin da ƙarshensa mutuwar masu naƙuda ne ba shi da mazauni a wannan ma'auni.

Malamai ba su yi shiru ba

Yana da kyau ɗalibanmu su san cewa manyan malaman duniyar Musulmi sun yi magana. Shaihul Azhar, Ahmad Aɗ-Ɗayyib, ya bayyana a Disambar 2022 cewa hana mata jami'a ya saɓa wa Shari'a. Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi ta yi zama na musamman a Jidda a Janairun 2023 kan batun. Saudiyya da Ƙatar da Turkiyya duk sun nemi a janye matakin. Mufti Taƙi Usmani na Pakistan, wanda yake babban malami ne a makarantar Deoband da su Taliban suka sha daga gare ta, ya rubuta musu wasiƙa a 2022 yana neman a buɗe makarantun. Shaihu Rahimullah Haƙƙani, malamin da ke tare da su, ya ba da fatawar halaccin karatun mata yana kafa hujja da buƙatar likitoci mata, kafin a kashe shi a harin ƙunar baƙin wake a Kabul a Agustan 2022. A Janairun 2025 Rabiɗatul Alamil Islami ta tara malamai da ministoci a Islamabad kan ilimin 'ya'ya mata, aka gayyaci Taliban ba su je ba. A cikin watan ne kuma mataimakin ministan harkokin wajensu, Sher Muhammad Abbas Stanikzai, ya tsaya a bainar jama'a ya ce haramcin ba shi da madogara a Shari'a. Ke nan ko a cikin gidansu ba a haɗu a kansa ba. Hukunci ne na shugabansu Hibatullah Akhundzada da 'yan majalisarsa a Kandahar, wanda al'adar wasu yankunan karkara ta yi wa tasiri, aka lulluɓe shi da rigar addini.

Fuska biyu ta Yamma

Mun san abin da ke cin ran mai karatu, domin mu ma yana cin namu. A Nuwambar 2001 uwargidan shugaban Amurka, Laura Bush, ta yi jawabi ta rediyo tana haɗa yaƙin Afganistan da 'yantar da mata, aka shafe shekara ashirin ana ruwan bama-bamai a ƙauyukan da matan ke zaune, har karatun 'ya mace ya zama a idon wasu tamkar tutar mamaya. Bayan ficewarsu suka riƙe kimanin dala biliyan 7 na babban bankin ƙasar, a 2025 kuma yanke tallafin Amurka ya jawo rufe ɗaruruwan cibiyoyin lafiya waɗanda mata da yara suka fi amfana da su. Faransa ta hana ɗankwali a makarantun gwamnati a 2004, ta hana niƙabi a 2010, ta hana abaya a makarantu a 2023. A Gaza an kashe dubun-dubatar mata da yara, an ragargaza jami'o'i da makarantu, da makaman ƙasashen da ke zubar da hawaye kan 'yan matan Kabul. Duk wannan gaskiya ne, kuma ba za mu daina faɗa ba.

Amma aya ta 8 a Suratul Ma'ida ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta ɗauke mu zuwa barin adalci, aya ta 135 a Suratun Nisa'i kuma ta umarce mu da tsayar da shaida ko da a kan kawunanmu ne da makusantanmu. Mu da muka yi murna a Yunin 2022 lokacin da Kotun Ƙolin Najeriya ta tabbatar wa ɗalibai mata haƙƙin sanya hijabi a makarantun Legas, me muka yi wa murna in ba damar 'yarmu ta shiga aji da suturarta ba? Hukumar Faris ta ce wa yarinya ta cire hijabi kafin ta shiga aji, ta Kandahar kuma ta ce mata ko da hijabin ba za ta shiga ba. Wanda ya yi tir da ta farko ya yi gum a kan ta biyu, ba haƙƙin yarinyar yake karewa ba. Kuma taimakon ɗan uwa idan yana zalunci, kamar yadda hadisin Bukhari ya koyar, shi ne a riƙe hannunsa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Darasin da ke cikinsa gare mu

Wannan muhawara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Lokacin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake yawon wa'azi, wani malami mai suna Mustafa Gwani ya soke shi kan barin mata suna halartar majalisinsa. Shehu ya sa ƙaninsa Abdullahi ya ba da amsa, kamar yadda yake a Tazyinul Waraƙat, kuma gundarin amsar shi ne cewa ana ware mata gefe, sannan barin su cikin jahilci ya fi fitowarsu muni. A Nurul Albab kuma Shehu ya yi kakkausar suka ga malaman da ke karantar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu cikin duhu. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa tsarin 'yan taru, inda jajoji ke ɗaukar karatu daga wurinta su kai wa matan ƙauyuka. Hujjar da Kandahar ke kafawa yau, malamanmu sun amsa ta fiye da shekara ɗari biyu da suka wuce.

Sai dai laifi tudu ne. A nan babu dokar da ta rufe makarantar 'ya mace, amma miliyoyin 'yan mata a Arewa ba sa zuwa, wasu saboda talla, wasu saboda talauci, wasu saboda tsoron abin da ya faru a Chibok a 2014 da Dapchi a 2018 da Jangebe a 2021. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa cikin mata kimanin 260,000 da suka rasu a duniya a sanadin ciki da haihuwa a 2023, kusan 75,000 'yan Najeriya ne, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Magidanci nawa ne a cikinmu yake ɓata rai idan ya tarar da likita namiji a ɗakin haihuwa, alhali shi ne ya cire 'yarsa daga makaranta tana aji uku na ƙaramar sakandare? Wannan shi ne lissafin Kandahar, an dai yi shi ne a cikin gida ɗaya.

Saboda haka muna kira ga iyaye su ɗauki karatun 'ya mace, na Islamiyya da na zamani, a matsayin amanar da za a tambaye su. Wanda zai aurar da 'yarsa kafin ta gama, ya sanya ci gaba da karatun a cikin abin da za a yi yarjejeniya a kai tun kafin ɗaurin aure, a gaban waliyyai da shaidu. Mawadata da kwamitocin zakka da waƙafi su ɗauki nauyin 'yan mata masu hazaƙa a makarantun jinya da unguwarzoma da likitanci, domin sauke farali ne daga wuyan al'umma. Gwamnatoci su tsare makarantun kwana, su yawaita na je-ka-ka-dawo a kusa da gidaje. Limamai da masu wa'azi su faɗi hukuncin a kan mumbari ba tare da kwana-kwana ba. Ku kuma ɗalibai, idan aka sake jefo muku sunan Afganistan, ku amsa da ilimi da natsuwa: ku ambaci A'isha da Karima da Faɗimatus Samarƙandiyya da Nana Asma'u, ku faɗi matsayin Azhar da sauran malamai, ku ce abin da ake yi wa 'yan matan can zalunci ne da Shari'a ta barranta daga gare shi.

Muna roƙon Allah ya shiryi shugabannin Afganistan su buɗe wa 'ya'yansu ƙofofin ilimi, ya yaye wa matan Gaza da Sudan da sauran ƙasashe ƙuncin da suke ciki, ya tsare makarantunmu, ya sanya albarka a cikin zuriyarmu maza da mata, ya ba mu ilimi mai amfani da aiki da shi. Allah ne mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.